Mece ce bayomaka da likitocin ciwon daji ke nema?

Mata biyu za su zo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan Sakkwato, kowacce da ƙululu a mama, girmansu kusan ɗaya. A yanki 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, a ɗora ɗaya kan ƙwayar tamozifen ta riƙa sha kullum har shekara 5 ko fiye, ɗayar kuma a ce wannan ƙwaya ba za ta tsinana mata komai ba. Sai dangi su fara gunaguni wai likita ya yi son kai. Abin da ya raba matan nan shi ne bayomaka.

Dillali a Kara ba ya tambayar mai sa shekarun sansa, bakin yake buɗewa ya duba haƙora. To bayomaka ma alama ce da ake iya aunawa a jini, a fitsari ko a tsokar ƙarin kanta, ta faɗa wa likita irin dajin, saurin yaɗuwarsa da maganin da zai ji. Wani lokaci furotin ne, wani lokaci kuma canji ne a ƙwayar gado.

A dajin mama alamomi uku ake fara nema: ER da PR, ƙofofin da sinadaran mata ke shiga ƙarin ta cikinsu, da HER2, furotin da ke sa ƙarin girma. In ƙarin yana da ER, sinadarin mata na estrojin ne abincinsa, tamozifen kuwa toshe masa wannan ƙofa yake yi. HER2 kan yi yawa a kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na dajin mama, kuma irin wannan yana gudu kamar wutar daji. Amma tun 1998 da Amurka ta amince da maganin Herceptin aka samu abin da ke kai masa hari kai tsaye, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. In duk ukun babu, sai a dogara da tiyata, ƙarin ruwan kemo mai kashe ƙwayoyin daji da gashin ƙarin da hasken na'ura. Wannan nau'i ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa.

Abin da mutane ba su sani ba, gwajin na iya lalacewa tun kafin tsokar ta isa hannun masani. Ana so a jefa ta cikin ruwan fomalin, mai hana tsoka ruɓewa, kafin awa 1 da cirewa, ta jiƙa awa 6 zuwa 72. In aka yi tiyata a wani ƙaramin asibiti, aka miƙa wa ɗan'uwa tsokar a leda ba fomalin, ya hau mota daga Illela ko Tambuwal cikin zafin Afrilu, alamomin kan dushe. Mai ER sai a ga kamar ba ta da shi, ta rasa magani mai araha da zai yi mata aiki.

Alamomin da ake aunawa a jini kuma a yi musu hattara. Furotin ɗin AFP kan hau a dajin hanta, wanda ciwon hanta nau'in B ke yawan jawowa. PSA alama ce ta ƙarin furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, amma kumburin tsufa ko ciwon sanyi ma kan ɗaga shi. Na sha ganin dattijo ya riƙe takardar PSA hannu na rawa, ɗansa yana cewa, "Baba, likita ya ce sai an ɗebi tsoka tukuna kafin a san ko daji ne."