Waiwaye: Tun yaushe aka san kumburi na da hannu a toshewar jijiyar jini?

Tun da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a 2023 a riƙa ba wasu masu ciwon zuciya kolcisin, wani tsohon maganin ciwon gaɓoɓi mai rage kumburi, muhawara ta kaure: kitsen jini ne ke toshe jijiya ko kumburi? Har wasu na cewa an daɗe ana ɗora wa kolestarol, wato wani nau'in kitsen jini, laifin da ba nasa ba. Maganar kuwa ba yau ta fara ba.

Tun ƙarni na 19 likitan Jamus Rudolf Virchow ya ga alamun kumburi a bangon jijiyoyin da suka lalace. Sai a 1913 Nikolai Anichkov na Rasha ya ɗura wa zomaye kolestarol, jijiyoyinsu suka cushe. Daga nan hankali ya koma kan kitse. Binciken Framingham kan ciwon zuciya da aka fara a Amurka a 1948 ya ƙara wa wannan ra'ayin ƙarfi, magungunan sitatin masu rage kolestarol kuma suka zo suka ceci rayuka masu yawa. Aka ɗauki jijiya tamkar bututun da maiƙo ke daskarewa a ciki.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne tsakiyar shekarun 1980. A Gothenburg ta Suwidin, Göran Hansson da abokan aikinsa suka binciki daskararren kitsen da aka ciro daga jijiyar wuyan marasa lafiya a tiyata. Ba kitse kaɗai suka tarar ba. Akwai fararen ƙwayoyin jini jibge, har da ƙwayoyin T na garkuwar jiki, kuma a shirye suke da yaƙi. A 1986 Peter Libby a Boston ya nuna cewa ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya su ma suna iya ƙera intalukin-1, ɗaya daga cikin furotin ɗin da garkuwar jiki ke aika saƙo da su, waɗanda ake kira saitokin. Wato bangon jijiya da kansa yake kiran ɗauki.

Abin da ya biyo baya ya fi tayar da hankali. Saƙon intaferon-gama, wani saitokin da ƙwayoyin T ke fitarwa, yana hana bangon ƙera zaren da ke ƙarfafa murfin daskararren kitsen, ƙwayoyin da aka kira kuma suna fitar da sinadaran da ke cinye shi. Murfin ya yi siriri, ya fashe, jini ya dunƙule, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A ganina nan aka yi jinkiri: an fi shekara 30 kafin a tabbatar da wannan a jikin majiyyata.

A 2017 gwajin CANTOS, kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya toshe intalukin-1 beta da allurar kanakinumab. Haɗarin sake samun bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta wannan hanyar ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da kolestarol ya sauka ba, amma mace-mace ta dalilin kamuwa da ƙwayoyin cuta sun ƙaru, don garkuwar ce aka rage.

Masu neman wanke kitse su lura: tun 2010 aka nuna cewa kolestarol da ya daskare kamar ƙwayoyin gishiri ne ke tayar da saƙon intalukin-1 beta a cikin fararen ƙwayoyin jini. Kolcisin ɗin ma, wani babban gwaji a 2024 bai ga amfaninsa ba bayan bugun zuciya. Yanzu masu bincike sun sa ido kan intalukin-6, wani saitokin ɗin mai jawo kumburi.