Allurar kyamara ta ƙi motsi: tambayoyi kan gyaran ma'aunin haske

A Damagaram har yanzu akan tsinci tsofaffin kyamarorin fim a ƙasan akwati, irin su Zenit, Canon da Olympus, waɗanda iyaye suka ɗauki hotunan biki da hawan salla da su. Ƙorafin masu son tayar da su kusan ɗaya ne: komai na aiki, ban da allurar da ke auna haske.

Allura ba ta motsi, ma'aunin ya mutu ke nan?

Ba lalle ba. Fara sanin irin wanda ke hannunka. Akwai mai seleniyam, kamar na Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet da Olympus Trip 35, wanda za ka gane da ɗan gilashi mai ƙuraje a gaba. Wannan ba ya cin pil, haske yake mayarwa wuta. Na biyun, wanda ake kira CdS, sai da pil, kuma a nan galibi ake samun matsala. Buɗe murfin pil ɗin da kwabo ka duba. In ka ga fari-fari kamar kanwa, tsohon pil ne ya zube. Auduga da ɗigon lemun tsami, sannan alkol na farmasi, a bar shi ya bushe. Sau da yawa allura kan farka nan take.

Na sa sabon pil, allura na motsi, amma hotuna na fitowa da duhu. Me ya jawo?

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Canon FTb, Minolta SR-T 101 da Olympus OM-1 an ƙera su don pil mai zaiba, PX625, mai bolt 1.35 wanda ba ya sauka har ya ƙare. An daina yin sa saboda guba, Amurka ta hana sayar da shi a 1996. Wanda za ka samu a kasuwar Dole mai bolt 1.5 ne. Ya fi ƙarfi, sai ma'aunin ya ɗauka haske ya fi yadda yake, ya rage wa fim rabonsa. Abin haushi kuma, ƙarfinsa raguwa yake kullum, kuskuren yau daban da na wata mai zuwa.

Mafita biyu ce. Pil na na'urar taimaka wa ji, lamba 675, yana ba da kusan 1.4, sai dai da iska yake aiki, kuma bushewar hunturunmu na saurin kashe shi. Wadda ta fi ɗorewa ita ce pil mai azurfa, SR44, da diyod na Schottky, wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da mai gyaran rediyo zai liƙa a kan waya ya rage kusan bolt 0.2. Mai Pentax K1000 ya huta da wannan, SR44 take ci kai tsaye, amma ba ta da makunni: in ka bar ta ba murfi a kan gilashin gaba, pil zai yi ta tafiya.

Mai seleniyam fa?

Damshi, zafi da daɗewa a rana ne ke kashe shi. Wani lokaci tsatsa ce kawai a mahaɗar waya, wannan tana gyaruwa. In farantin seleniyam ɗin kansa ya gaji, sai dai a ciro na wata matacciyar kyamara.

In buɗe da kaina?

A'a, Malam. Allurar na rataye da zare na ƙarfe siriri kamar gashi, sukuddireba na taɓa shi ya lanƙwashe. Kai wa mai gyaran agogo, hannunsa ya saba da irin wannan, kuma kada a buɗe ranar da ƙura ta tashi.

Ta yaya zan san gyara ya yi?

Fita tsakar gida da hantsi ranar da gari ya waye tas, saita lambar ƙarfin fim (ASA ko ISO) a 100, ka nuna bangon da rana ta haska. Ya kamata ma'aunin ya ba ka f/16 (faɗin ƙofar haske) a 1/125 na daƙiƙa (saurin ɗauka) ko kusa da haka. Farin bango da rairayi sukan kai shi f/22.