Ƙuri'ar jin ra'ayi ba duba ba ce

Mutane da yawa na ɗauka duk wanda ƙuri'ar jin ra'ayi ta sa a gaba a jihohin Amurka marasa tabbas, wato waɗanda kowacce daga cikin manyan jam'iyyu biyu za ta iya lashewa, to ya ci zaɓe. Ina! Dubi jihar Wisconsin a zaɓen shugaban ƙasa na 2016. Har jajibirin zaɓe alƙaluma na ba Hillary Clinton ratar kusan maki 6, sai ga Donald Trump ya lashe jihar da ratar ƙuri'u ƙasa da 23,000.

Mutum ɗari takwas ko dubu ake tambaya, a auna miliyoyi da su, shi ya sa kuskuren maki 3 ko 4 ba abin mamaki ba ne. Wancan karon ma bakin masu digiri aka fi ji, ga kuma waɗanda sai makon ƙarshe suka tsai da shawara, akasarinsu suka bi Trump.