Labaran Laifi na Jamusanci Masu Tona Zuciyar Mai Laifi

Wannan wani reshe ne na ƙagaggun labaran laifi da ake rubutawa da Jamusanci a Jamus da Siwizalan da Ostiriya. Jamusawa na kiran labarin laifi Krimi a taƙaice. A wannan reshe ba a cika ɓoye wanda ya yi kisa ba, wani lokaci ma mai karatu ya san shi tun farko. Abin da ake bibiya shi ne yadda zuciyar mutum ke lalacewa sannu a hankali har ta kai shi ga zubar da jini.

Asali

Masana da yawa na fara lissafi daga gajeren labarin da Friedrich Schiller ya fitar a 1786, wanda daga baya ya sa wa suna Der Verbrecher aus verlorener Ehre, wato mutumin da zubewar mutunci ta mayar mai laifi. Ya gina shi kan rayuwar Friedrich Schwan, ɗan fashin da aka zartar wa hukuncin kisa a 1760 a yankin Württemberg. A labarin, jarumin saurayi ne talaka da ya shiga farauta a dajin da aka hana, don ya samu abin kai wa budurwa. Da farko tara aka ci shi, sannan ɗauri, a karo na uku ya yi shekara uku yana aikin wahala a gidan yari. Ranar da ya dawo gari ya miƙa wa wani yaro ɗan kuɗi, yaron ya jefa masa a fuska. Daga nan ya yanke ƙauna da mutane. Wannan ɗan wuri kaɗai ya isa nuna inda reshen ya dosa.

A 1819 E.T.A. Hoffmann ya kawo labarin wani maƙerin zinariya na birnin Paris, Cardillac, wanda ke kashe masu sayen kayansa da dare saboda ba ya iya rabuwa da abin da hannunsa ya ƙera. Wasu na ganin wannan ne labarin bincike na farko, wasu sun ƙi.

Ƙarni na 20

Marubutan Siwizalan biyu ne suka fi yin tasiri. Friedrich Glauser ya sha fama da ƙwaya, ya kwashe shekaru a asibitocin masu taɓin hankali, kuma a irin wannan asibiti ne labarinsa Matto regiert na 1936 ya gudana. Ya rasu a 1938. Da sunansa ake ba da ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na wannan fanni.

Friedrich Dürrenmatt ya fitar da Das Versprechen a 1958. Wani jami'in 'yan sanda, Matthäi, ya yi wa mahaifiyar yarinyar da aka kashe alkawarin sai ya kamo mai laifin. Ya bar aiki, ya koma tsaron gidan mai a bakin hanya, ya mai da wata ƙaramar yarinya tarko. Lissafinsa daidai ne, amma makashin ya mutu a hatsarin mota yana kan hanyar zuwa. Matthäi bai sani ba, ya ci gaba da jira har giya ta cinye shi. Da wuya mai karatu ya manta da wannan jira.

Zamanin yanzu

Das Parfum na Patrick Süskind ya fito a 1985, an kuma fassara shi zuwa harsuna masu yawa. A 2006 Andrea Maria Schenkel ta rubuta Tannöd bisa kisan mutum shida a wata gona a Bavaria a 1922, kisan da har yau ba a gano wanda ya yi ba. A shekarar ce Sebastian Fitzek, wani marubucin irin waɗannan labarai, ya fitar da littafinsa na farko.

Fassara

Wajen cewa "kai" ko "ke", Jamusanci na raba kalmar du ta sabo da Sie ta girmamawa, kusan yadda Bahaushe ke ce wa babba "ku". Idan mai bincike ya sauya daga Sie zuwa du yana yi wa wanda ake zargi tambaya, ya raina shi ke nan ko yana neman kusantarsa. Faransanci na iya riƙe wannan bambanci. A Ingilishi sai mai fassara ya nemo wata dabara.