Dangantakar matsayi: wai me Spearman da Kendall suke aunawa ne?

Duk wanda ya taɓa raba takardar tambayoyi don bincike ya san amsoshin nan guda biyar, "na yarda sosai, na yarda, ina tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba sam". In an gama tattarawa sai a ba kowace amsa lamba daga 1 zuwa 5 a zuba a kwamfuta, to daga nan fa ake fara samun matsala, don da zarar abu ya koma lamba sai mutum ya ɗauka komai ya halatta a kansa, a tara, a raba, a fitar da matsakaici. Ita kuwa manhaja ba ruwanta, duk abin da ka ba ta lissafa maka za ta yi, ba za ta taɓa tambayarka ko lambobin nan na gaske ne ko laƙabi ne kawai ba.

Irin wannan data ita ake kira data mai jeri, wato wadda ka san wane ne sama da wane amma ba ka san girman tazarar da ke tsakaninsu ba. Kamar gasar tsere ce, wani ya zo na ɗaya, wani na biyu, wani na uku, amma yana iya yiwuwa taku ɗaya ne tsakanin na ɗaya da na biyu, shi kuma na uku sai da aka gaji da jiransa. Haka ma tazarar da ke tsakanin "na yarda" da "na yarda sosai" babu wanda zai rantse maka daidai take da wadda ke tsakanin "tsaka-tsaki" da "na yarda". Matakin karatu, matakin cutar daji daga 1 zuwa 4, taurarin da ake ba kaya a intanet, ma'aunin ciwo da ake tambayar mara lafiya daga 0 zuwa 10, duk dangi ɗaya ne. Shi wancan sikeli na yarda da rashin yarda Rensis Likert ne ya fito da shi a 1932, sannan a 1946 wani masanin Amurka, Stanley Stevens, ya kasa ma'aunai gida huɗu: na suna zalla kamar rukunin jini, na jeri, na tazara daidai kamar zafi a ma'aunin Celsius, da masu sifili na gaskiya kamar tsayi da nauyi. Namu shi ne na biyu.

To yanzu a ce kana so ka san ko abubuwa biyu suna tafiya tare, misali ko waɗanda suka fi gamsuwa da aikinsu su ne suka fi niyyar zama a wurin. Lissafin da kowa ya fi sani shi ne na Pearson, wanda ake rubutawa da harafin r, shi kuma yana auna yadda ɗigo-ɗigon data suka kwanta ne a kan miƙaƙƙen layi, ma'ana ya ɗauki tazarar lambobin da gaske. Dangantakar matsayi ita ce ta ce a bar maganar tazara tunda ba mu san ta ba, a yi tambaya mai sauƙi: in wannan ya hau, wancan ma yana hawa? Shi ke nan. Ko hawan a hankali ne ko da tsalle, ba ta damu ba.

Charles Spearman, masanin halayyar ɗan Adam ne ɗan Ingila, shi ya kawo tasa hanyar a 1904. Dabarar ba wani abin tsoro ba ce, ka jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a abu na farko, ka sake jera su a abu na biyu, sai ka yi lissafin Pearson a kan matsayin a maimakon asalin lambobin. Sakamakon ana ce masa rho, yana tsakanin -1 da +1.

Bari mu gwada da ɗalibai biyar. A darasin lissafi matsayinsu 1, 2, 3, 4, 5, a kimiyya kuma su ɗin dai a wannan jerin sun zo 2, 1, 3, 5, 4. Bambancin matsayin kowa ɗaya ne ban da na tsakiya da bai motsa ba, in ka ninka kowane bambanci da kansa ka tara za ka samu 4. Ƙa'idar ta ce ka ninka wannan da 6, ya ba ka 24, ka raba da n sau (n² ban da ɗaya), inda n shi ne yawan mutanen, wato 5 sau 24 wanda shi ne 120, ka samu 0.2, sai ka cire daga 1. Rho ya zama 0.8, alaƙa mai ƙarfi kenan, wanda ya yi kyau a nan yawanci ya yi kyau a can.

Maurice Kendall ya zo da tasa a 1938, ana ce mata tau, kuma ni dai a ganina ta fi sauƙin yi wa mutum bayani da baki. Shi bibbiyu yake ɗaukar mutane ya duba, wanda ya fi a abu na farko shi ne ya fi a na biyu? In eh, sun dace, in a'a, sun saɓa. Mutum biyar suna ba da haɗi 10, a misalinmu guda 2 ne suka saɓa, na ɗaya da na biyu, sai na huɗu da na biyar, sauran 8 sun dace. 8 a cire 2 a raba da 10, tau ya zama 0.6. Ka ga data ɗaya ce amma wannan ya ce 0.8 wancan ya ce 0.6, kuma babu wanda ya yi kuskure, sikelinsu ne daban, tau kusan kullum ya fi rho kusa da sifili. Saboda haka kar ka ɗauki tau na wani bincike ka gwada da rho na wani ka ce alaƙar ta ragu.

Wani amfanin da mutane ke mantawa, ko data ɗinka ba mai jeri ba ce, hanyar matsayi tana ceton ka daga lamba ɗaya da ta yi wa sauran fintinkau. Ɗauki 1, 2, 3, 4, 5 a gefe guda, da 1, 2, 3, 4, 100 a ɗaya gefen. Spearman zai ba ka 1 cif tunda jerin bai karye ba, Pearson kuwa wajen 0.7 zai tsaya saboda 100 ɗin nan ta karkatar da layin.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne kunnen doki. A sikeli mai amsa biyar in mutum 300 suka amsa dole da yawa su faɗa lamba ɗaya, to abin da ake yi shi ne a raba musu matsakaicin matsayin, biyu da suka yi canjaras a na 2 da na 3 kowa ya tashi da 2.5. Waccan gajeriyar ƙa'ida mai 6 ba ta fita daidai in kunnen doki ya yi yawa, shi ya sa in ka yi da hannu ka ga ya ɗan saɓa da na manhaja to manhajar ce a kan daidai. A ɓangaren Kendall kuwa tau-b ne aka gyara don wannan, akwai kuma tau-c na lokacin da yawan matakan abubuwan biyu bai zo ɗaya ba, da gamma na Goodman da Kruskal na 1954 wanda shi watsar da kunnen dokin yake gaba ɗaya, don haka lambarsa takan kumbura, a yi hattara da ita. In mutanenka kaɗan ne kuma canjaras ya yi yawa, tau-b zan ɗauka.

A manhajojin ƙididdiga kuwa, a SPSS sai ka shiga Analyze, ka je Correlate, ka danna Bivariate, kuma ka lura akwatin Pearson ne za ka tarar an riga an yi masa alama, sai kai da kanka ka cire ka sa a Spearman ko Kendall's tau-b. A R ma haka, umarnin cor da cor.test Pearson suke yi in ba ka rubuta method = "spearman" ko "kendall" ba, kuma in ya yi maka gargaɗi cewa ba zai iya fitar da ainihin p ba (lambar da ke nuna yiwuwar samun irin wannan sakamako ko da babu alaƙa) saboda canjaras kar hankalinka ya tashi, kiyasi ya yi maka. Stata na da spearman da ktau, Python na da spearmanr da kendalltau a cikin scipy. Excel ne dai babu kai tsaye, sai ka fara fitar da matsayi da RANK.AVG sannan ka yi CORREL a kansu.

Kafin ka danna komai duba yadda ka shigar da lambobin. In ka sa 9 ko 99 a matsayin "ban sani ba" kuma ba ka gaya wa manhajar cewa gurbi ne babu amsa ba, za ta ɗauke su a matsayin waɗanda suka fi kowa yarda. In kuma a tambaya ɗaya 1 ne "na yarda sosai" a ɗayar kuma 5 ne, alamar sakamakon, wato + ko -, za ta juye, ka zauna kana rubuta dogon sharhi a kan alaƙar da babu ita. Abu kamar launi ko rukunin jini kuwa ba shi da sama ba shi da ƙasa, ko ka ba shi lamba ba ya shiga nan, wannan aikin wani gwaji ne daban mai suna chi-square.

Rho da ke kusa da sifili ma ba ya nufin babu alaƙa, yana nufin babu hawa ko sauka mai ɗorewa ne, in abu ya hau har tsakiya sannan ya gangaro to ɓangarorin biyu za su cinye juna, shi ya sa yana da kyau ka kalli tebur ko zanen datar da idonka. Sannan p daban ƙarfin alaƙa daban: 0.8 ɗinmu na ɗalibai biyar p ɗinsa ya haura 0.05 saboda mutanen sun yi kaɗan, alhali rho na 0.1 a kan mutum 1000 zai tsallake gwajin cikin sauƙi duk da alaƙar ba ta taka kara ta karya ba. Don haka wajen rubuta rahoto a faɗi wanne aka yi amfani da shi, rho ne ko tau-b, a kawo lambar da alamarta, da yawan mutanen da aka lissafa, sannan p ya biyo baya.