Shin hirar yau da kullum ba ta da tsari?

An daɗe ana ɗauka cewa hirar baka tarkace ce kawai, cike da in'ina da katse juna, don haka rubutu ne kaɗai ya cancanci nazari. Aikin Gail Jefferson, Ba'amurkiya mai nazarin hira da ta shafe kusan shekara 40 tana sauraron muryoyin da aka naɗa, ya rushe wannan zato.

A shekarar 1974, ita da abokan aikinta Harvey Sacks da Emanuel Schegloff suka nuna cewa masu hira suna karɓa-karɓa bisa ƙa'ida: mai magana yana iya zaɓar wanda zai biyo shi, idan bai zaɓa ba wani ya karɓa, idan kuwa babu mai karɓa sai ya ci gaba. Mai sauraro yana hango inda zance zai tuƙe tun kafin a kai wurin, shi ya sa gibin da ke tsakani bai cika kai daƙiƙa ɗaya ba.

Jefferson ta ƙirƙiro alamomin rubuta shiru da jan numfashi, har ma da dariya, wadda ta gano cewa gayyatarta ake yi, abokin hira ya amsa ko ya ƙi.