Faretin Hawan Gadi da Busar Begila

Faretin hawan gadi shi ne jeruwar da sojojin da za su karɓi tsaron bariki suke yi, a duba su ɗaya bayan ɗaya, kafin su canji waɗanda suka kwana a bakin aiki. Da busar begila ake kiransa. A karkarar Kano, waɗanda suka fi sanin wannan al'ada su ne mutanen ƙauyukan da ke kewaye da barikin Janguza, a kan hanyar Gwarzo, sai kuma 'yan mazan jiya da suka ajiye kaki suka koma gona.

Sojan Najeriya daga na Ingila ya gaje ta. A 1897 aka kafa rundunar Turawan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, aka ɗora Lugga a kanta, kuma dakarunta ne suka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a wannan runduna, shi ya sa kalmomi irin su gadi, santiri, samanja, kofur da kurtu suka zauna daram a bakin Bahaushe. Makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda aka buɗe a 1924, nan ake fara koyon fareti har yau.

Begila ƙaho ce ta tagulla wadda ba ta da ramukan ɗora yatsa ko maɓallin dannawa. Da leɓe da ƙarfin numfashi kaɗai ake sarrafa ta, don haka muryoyin da take fitarwa ba su cika wuce biyar ba. Da waɗannan 'yan muryoyi aka tsara kira iri-iri: na tashi da asuba, na cin abinci, na sauke tuta, na kashe fitila, da na hawan gadi. Kowane kira da nasa take, kamar dai yadda mutanen fada ke rarrabe busar kakaki. A da, ba kowane soja ke da agogo ba, kuma muryar samanja, komai kaurinta, ba ta game bariki. Yawanci akan yi busar gargaɗi tukuna, sannan a yi ta jeruwa.

Da jin ta biyun, masu hawa gadi sai su fito fili su yi sahu, saje ko kofur yana jagorantarsu. Hafsan da ke kan aiki ranar zai bi sahun yana duba aski, gugar kaki, ƙyallin takalmi da ɗaurin ɗamara. Bindiga kuwa sai an ja makullinta baya an leƙa cikinta. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka ado ne kawai, alhali nan ake gano wanda ya zo da tsatsa a bindiga ko wanda ba shi da lafiyar tsayuwar dare. Akwai wata tsohuwar al'ada ta zaɓen wanda ya fi kowa tsafta a ɗauke masa tsayuwar santiri, abin da ke sa wasu su raba dare suna goge takalmi.

Bayan dubawa sai sabon gadi ya taka zuwa ɗakin gadi, ya fuskanci tsohon, a gaisa da bindiga. Shugabannin biyu su ƙirga harsasai, makullai da waɗanda ke tsare, a sa hannu a littafi. Daga wannan sa hannu, duk abin da ya ɓace yana wuyan sabon.

A tsarin da aka gada, gadi na kwana ɗaya ne cur, an raba shi kashi uku: kowane santiri ya tsaya awa 2, ya huta awa 4, da kakinsa a jiki. Kofur ne ke zagayawa da masu canji, kuma akan ba su kalmar sirri ta wannan dare, wadda ake tambayar duk wanda ya doso bayan duhu.